Lemon Kwalba Ya Ƙwace Gurbin Ruwan Baƙo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan wani abu da kusan kullum yake hannunmu amma ba mu cika auna shi ba, wato lemon kwalba.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan suna a Tudun Wada ko walimar aure a cikin birnin Zazzau ya san yadda abin yake. Tun da asuba an jibge kiret-kiret a zaure, an fasa ƙanƙara a baho, an ɗora wa wani yaro aikin rabo. Uwar biki tana lissafin shinkafa da nama, amma abin da ke hana ta barci shi ne kada a tashi a ce an je gidan wance ko lemo ba a samu ba. Haka wajen kai lefe, haka gaisuwar Sallah, haka dubiya a asibitin Shika, inda za ka ga ledar lemon malti a gefen gadon mutumin da likita ya hana shan zaƙi. A da, baƙo idan ya yi sallama, moɗa ake cikowa daga randa, a biyo da fura ko kunun zaƙi, a rufe da goro. Yanzu maigida idan ya kawo ruwa zalla sai ya haɗa da ban haƙuri, kamar ya yi laifi.

Abin mamaki, kayan wannan sana'a ba baƙi ba ne a wurinmu. Kalmar "kola" da ke jikin kwalaben nan daga goro aka samo ta, tun lokacin da aka fara haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka a 1886. Ƙaro, wanda ake ɗiba a Sudan da Cadi da Borno da Yobe, yana cikin abin da masana'antun lemo ke sawa don kayan ƙamshi su gauraya da ruwa. Zoɓorodon da manoman Jigawa ke nomawa kuwa, jirgin ruwa ke kwasarsa zuwa Meziko, a can a jiƙa shi a sha da alfahari, mu kuma a nan muna ganin kai wa suruki zoɓo ƙasƙanci ne. Kamfanin Nigerian Bottling Company an kafa shi a 1951, na Seven-Up kuma ya fara aiki a 1960, shekarar samun mulkin kai. Cikin shekara sittin zuwa saba'in ke nan kwalba ta ture moɗa.

Kowace nahiya da yadda ta ɗauki lemo. A Amurka da Meziko abin sha ne na kullum, ana korar abinci da shi kamar ruwa. A Faransa ruwa ne ke kan teburin cin abinci, har gwamnati ta hana gidajen abinci tsarin nan na ka biya sau ɗaya ka yi ta ƙari a 2017. A Saudiyya da maƙwabtanta, Vimto, wanda asalinsa na Manchester ne a Ingila, ya zama kamar sharaɗin buɗa baki da azumi. Mu a Afirka ta Yamma, musamman yankunan Musulmi daga Dakar zuwa Zariya zuwa Damagaram, lemo ya hau kujerar da giya ke kai a bukukuwan wasu al'ummu: shi ne abin sha mai daraja wanda malami da ɗan kasuwa da amarya duk za su iya riƙewa a bainar jama'a ba kunya. Don haka a wurinmu lemo kyauta ce da karramawa. Abin da aka ba ka don girmamawa kuwa ba ka cewa a'a, kuma ba ka barin rabi. Nan ne gizo ke saƙar. Mai ciwon suga da ya zaga gida huɗu ranar Sallah zai iya shan kwalba huɗu, ba don yana so ba, sai don kada a ce ya raina.

Sai mu yi adalci: akwai dalili mai ƙarfi da ya sa mutane suka amince da kwalba. A rufe take. A garin da ba kowa ya yarda da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ba, murfin da ba a taɓa buɗewa ba shaida ce ta tsafta. Duk wanda zai ce a koma zoɓo da kunu dole ya amsa wannan, kuma za mu zo kansa.

To nawa ne a ciki? Lemo mai gas da aka haɗa da sukari zalla yakan ɗauki giram 10 zuwa 11 na sukari a kowace mililita 100. Cokalin shayi ɗaya, shafaffe, giram 4 ne. Ƙwayar sukarin kwali kuma wajen giram 5. Ke nan kwalbar gilashi mai 35cl (mililita 350) tana da wajen giram 37, cokali tara. Roba mai 50cl giram 53, cokali goma sha uku. Mai 60cl ta haura giram 60, wajen ƙwaya goma sha biyu ta sukarin kwali. A gwada a zuba cokali goma sha uku a kofin shayi a gaban mai shayi a Kwangila, shi kansa sai ya riƙe hannunka. A lemo harshe ba ya jin yawan saboda sanyi da gas da tsami suna danne zaƙin. Shi ya sa lemon da ya huce, gas ɗinsa ya fita, ba ya shawuwa. A lokacin ne kake jin gaskiyar abin da ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin (kalori) da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi matsakaici, wajen giram 50 ke nan, kuma ta ce a sauko da shi zuwa 25 ya fi. Roba ɗaya mai 50cl ta cinye kason yini gaba ɗaya, ba a yi maganar shayin safe da kokon da aka zuba wa sukari ba. Mai shan roba ɗaya kullum ya sha fiye da kilo 19 na sukari a shekara. Kiret ɗaya mai kwalba 24 kuwa akwai kusan giram 900 a ciki.

Girman kwalbar ma ya canza ba mu lura ba. Lemon da iyayenmu suka sani na gilashi ne, a sha a mayar da kwalba, sau da yawa ma yara biyu ke raba ɗaya. Wajen 2015, da sababbin kamfanoni suka shigo kasuwa, gasar ta koma ta wa zai ba da roba mafi girma a farashi ɗaya. Al'adar "a ba kowa ɗaya" ba ta canza ba, ɗayan ne ya kusa ninkawa. Wasu kamfanonin yanzu suna rage sukari su cike da sinadarin zaƙi, don haka a duba takardar jikin robar: a nemi layin sukari, yawanci an rubuta na mililita 100 ne, sai a ninka sau biyar in robar 50cl ce, sau shida in 60cl ce. Da yawa suna karanta lambar farko su ɗauka ta robar duka ce.

Sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Lebura a wurin gini da ya yi kalaci da burodi da lemo zai ji ƙarfi na ɗan lokaci, sannan yunwa ta dawo da kasala. A daɗe ana haka, ga teɓa, ga haɗarin ciwon suga. Haƙori kuma yana shan wahala ta fuska biyu. Lemon kola yana da tsami wajen 2.5 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru), alhali farin bayan haƙori yana fara zaizayewa da zarar an sauka ƙasa da 5.5, sannan ƙwayoyin cutar baki suna cin sukarin su ƙara fitar da nasu tsamin. Direban da ya ajiye roba kusa da giyar mota yana kurɓa daga Zariya har Kano ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya shanye lokaci ɗaya da abinci, domin kowace kurɓa tana sabunta harin. Bayan an sha, a kuskure baki da ruwa, a jinkirta buroshi ko asuwaki kamar minti talatin, don gogewa nan take tana kankare haƙorin da tsami ya riga ya tausasa.

Inda abin ya fi damunmu shi ne inda lemo ya zama magani.

Yaro yana zawo, sai a buɗe lemo a zuba gishiri a ba shi. Wannan kuskure ne mai iya kisa. Ruwan gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, yana da giram 13.5 na sukarin gulukos a lita, da gishiri daidai gwargwado, don hanji ya tsotse ruwa. Lemo yana da fiye da giram 100 a lita. Sukari mai yawa haka yana jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. In babu fakitin ORS a kusa, a tafasa ruwa lita ɗaya a bari ya huce, a zuba sukari cokalin shayi shida shafaffu da gishiri rabin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a zubar da ragowar bayan awa 24, a nemi ƙwayar zink a kemis, a ci gaba da ba da nono. In ido ya faɗa ko yaro ya kasa sha, asibiti kai tsaye.

Sai malti da madarar gwangwani, wanda ake haɗa wa mai jego da wanda ya ba da jini da wanda ya tashi daga zazzaɓi, wai ƙarin jini. Kalarsa ce ta yi kama da abin da zai ƙara jini, amma sukari ne da kitsen madara. Jini sinadarin ayon yake so, kuma yana cikin hanta da jan nama da wake da ganye irin zogale da alayyahu, da ƙwayoyin da ake ba masu ciki wajen awo. Kuɗin gwangwani biyu na malti da madara zai sayi hantar da ta fi su amfani nesa ba kusa ba. Malti kuma, duk da ana ganinsa lemon manya, sukarinsa bai gaza na sauran ba.

Akwai masu guje wa lemo mai zaƙi saboda basir, su koma mai ɗaci-ɗaci, suna ganin wannan ba sukari. Akwai shi, ɗacin ne ya rufe shi. Wasu har suna cewa yana maganin zazzaɓin cizon sauro saboda kwinin. Kwinin da ke cikin irin wannan lemo bai kai miligiram 100 a lita ba, alhali abin da ake ba baligi a sha ɗaya ya kai wajen miligiram 600, sau uku a yini. Sai mutum ya shanye kiret bai kai ko'ina ba.

Wuri ɗaya ne lemo yake zama magani da gaske. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, in sugansa ya faɗi, jiki na rawa, zufa na karyowa, ido na duhu, a ba shi giram 15 na sukari nan take. Wannan shi ne mililita 150 na lemo mai sukari, ƙasa da rabin kwalbar gilashi. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Lemon da aka rubuta ba sukari ba zai yi wannan aiki ba. Kuma in ya riga ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe.

Lemon ƙarin kuzari da ɗalibai a Samaru da Kongo ke sha lokacin jarrabawa, da masu Keke Napep da rana tsaka, ya haɗa sukari da kafeyin. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki wajen miligiram 80, robobi manya kuma fiye da haka. Iyakar da masana suka ba baligi lafiyayye miligiram 400 ce a yini, mai ciki 200, kuma shayi da kofi da goro duk suna cikin lissafin. Mai hawan jini da yaro ba su da abin yi da shi. Yaron da bai kai shekara biyu ba kuwa, ko lemo na yau da kullum bai kamata ya ɗanɗana ba, balle a zuba masa a fida.

Masu shago ma da nasu. Jibge katan-katan a rana a bakin titi, musamman a zafin Maris da Afrilu, yana korar gas ya ɓata ɗanɗano. Ban da haka, sinadarin benzowet da ake sawa don hana lalacewa, in ya haɗu da bitamin C cikin zafi da haske, yana iya haifar da ɗan benzin, wani sinadari mai cutar da jiki. A kan wannan ne wata babbar kotu a Legas ta yanke hukunci a 2017 cewa NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin wasu lemuka, ko da yake Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce adadin da ke cikinsu bai wuce ƙa'ida ba. Ko ma yaya ne, inuwa ba ta da tsada.

Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a robar 50cl, wadda hauhawar farashi ta shanye tun tuni. Saudiyya kashi 50 cikin 100 ta ɗora a 2017, na kuzari kuma kashi 100. Birtaniya a 2018 ta bi wata dabara da ta fi burge mu: harajin yana hawa ne gwargwadon sukarin, daga giram 5 a mililita 100, ya ƙara tsanani daga giram 8, sai kamfanoni da kansu suka rage sukari don su tsira. Afirka ta Kudu ma a shekarar ta fara cajin kowane giram da ya haura 4. Namu ba ya bambanta mai cokali uku da mai cokali goma sha uku, don haka ba abin da zai sa kamfani ya rage.

Amma haraji ba zai shiga zaure ya gyara al'adar karɓar baƙo ba. Wannan aikin masu gida ne, kuma komawa zoɓo ba tare da awo ba an gudu ne ba a tsira ba. Mai zoɓon da ke juye kilo guda na sukari a bokitin lita 10 ta haɗa lemon kwalba ne da hannunta. Zuma da mazarƙwailar Maƙarfi ma sukari ne a wurin jiki, sunan ne ya bambanta. Ido ba mudu ba ne, kuma a nan bai san ƙima ba.

Ga awon da zai fitar da uwar biki kunya. Lita 10 na ruwa, busasshen zoɓo giram 350 zuwa 400, ɗanyar citta kamar cikin tafin hannu a daddaka, kanumfari cokali ɗaya, ɓawon abarba ɗaya da aka wanke sosai. A ɗauraye zoɓon da ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita. In aka daɗe ana wanki, kalar ce ke tafiya. A tafasa ruwan da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a zuba zoɓon ya yi minti 10 zuwa 15, a sauke a rufe. Tukunyar silba mara tsatsa ko ta enamel ta fi, don tsamin zoɓo yana cin tukunyar dalma ya ba shi ɗanɗanon ƙarfe. Kanwa tana kashe tsami amma tana mayar da jan ya yi duhu, don haka in za a sa, ɗan mitsitsi. A tace da zafinsa, a zuba sukari a lokacin, gwangwanin madara uku shafaffu, wajen giram 400 ke nan. Zai ba da kofi 40 masu mililita 250, kowane kofi giram 10, a maimakon wajen giram 26 da ke cikin kofin lemon kwalba mai girman haka. Gidan da aka saba da zaƙi sosai, a fara da gwangwani biyar, a riƙa rage rabi duk bayan sati biyu. Harshe yana sabawa. Mai shan maganin hawan jini ya sani zoɓo yana ɗan saukar da jini, kada ya mayar da shi ruwan sha.

Abin da ke ɓata zoɓo da kunu yawanci bayan an sauke ne. A tafasa da kyau, sannan a ƙara ɗanyen ruwa don ya yi auki, ko a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ko a ɗura a robobin da yara suka tsinto a wurin biki da tasha. Nan taifot da kwalara ke samun hanya, kuma nan ne kwalbar kamfani ta fi mu gaskiya. Duk ruwan da zai shiga a tafasa shi tun farko. Ƙanƙara ta zauna a wajen mazubi, ko a daskarar da wani kaso na zoɓon kansa a yi ƙanƙara da shi. A zuba a kula mai famfo ko jug mai murfi, kowa da kofinsa, ba a tsoma moɗa da hannu. In ba firji, zoɓo na yini ɗaya ne; kunun aya kuwa wanda aka yi da safe ba sanyi, kafin la'asar ya fara tsami, robar ta kumbura. Garin ɗanɗano da "ɗan tsami" na awo a kasuwa, wanda ba suna ba lambar NAFDAC, a bar shi. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da irin wannan gari. Lemon tsami da tsamiya suna nan a kasuwar Sabon Gari.

Wanda kuma ya ce lallai sai na kwalba, to ya sayi ƙarama ta gilashi maimakon babbar roba, ya ajiye ruwa mai sanyi a gaba kafin lemo, ya kawo kofuna don mutum biyu su raba ɗaya ba tare da an ga rowa ba. Maigida ya riƙa tambaya, "Baba, ruwa ko lemo?" domin dattijo mai ciwon suga ba zai fara cewa a'a da kansa ba, amma in an ba shi zaɓi zai ɗauki ruwa. Masu zuwa dubiya su tambayi mai jinya abin da likita ya yarda a ci kafin su tsaya a shagon bakin asibiti. Da azumi kuma a buɗe baki da dabino da ruwa, a yi sallah, a ci abinci. In an sha lemo bayan nan, rabin kwalba ma sai ya gagara.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya da masu nazarin abinci,
Zariya.